Kwana uku a Kuhmo, gaban masu goge huɗu

Wata abokiyar aikina ce a birnin Oulu na ƙasar Finlan, dattijuwa da ta kusa ritaya, ta fara yi mini maganar Kuhmo. Ta tarar da ni ina sauraron kukuma a waya lokacin hutun rana, ta nemi in ba ta ta ji, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in dai kunnena na son wannan, to akwai inda ya kamata in je a watan Yuli. Shekara biyu tana tuna mini. Bana dai na sayi tikitin wasa shida ta intanet, ni da maiɗakina, muka hau jirgin ƙasa zuwa Kajaani, daga nan bas ta kai mu sauran tafiyar, kimanin kilomita 100 cikin daji da tafkuna.

Kuhmo ƙaramin gari ne a gabashin Finlan, dab da iyakar Rasha, mutanensa ba su kai 10,000 ba. A 1970 wani matashi mai kaɗa celo (wani babban goge na Turawa), Seppo Kimanen, tare da Yoshiko Arai, 'yar Japan mai goge, suka fara bikin kiɗa a nan, nesa da hayaniyar birni. Kimanen ya riƙe shi har 2005, Vladimir Mendelssohn ya karɓa, bayan rasuwarsa a 2021 aka miƙa wa Minna Pensola da Antti Tikkanen, waɗanda su kansu masu goge ne a rukunin Meta4. Mako biyu ake yi, wasa na bin wasa tun hantsi har dare. Abin da muka fara gani da saukarmu shi ne wata mata a kan keke, da akwatin celo goye a bayanta ya fi kanta tsawo. Da yamma sai ga ta a kan dandamali.

Irin kiɗan da ake yi a nan shi ne wanda Turawa ke kira kiɗan ɗaki, wato na mutane kaɗan, kowa da nasa layin, babu lasifika, babu mai tsayawa gaba da sanda yana ba da umarni. Ni abin da na je nema shi ne kwatet: goge biyu ƙanana, da biyola wadda ta ɗan fi su girma da kaurin murya, da celo da ake dafe shi tsakanin gwiwoyi. Kowanne tsirkiya huɗu gare shi. Bakan da suke gogawa da shi izgar doki ce, kuma ƙaro suke shafa mata don ta kama tsirkiya, daidai yadda na ga wani maƙwabcin kakana mai goge yana yi ina yaro. Da na ga farar ƙurar ƙaro ta kwanta a kan katakon gogen farko, raina ya ɗan kwanta, na ji ba baƙon wuri na zo ba gaba ɗaya.

Wasanmu na farko a Kuhmo-talo aka yi, gidan al'adun garin da aka buɗe a 1993 a bakin tafkin Lammasjärvi. Mun sami layi na uku, kuma duk wanda zai je ina ba shi shawara ya nemi kusa, don rabin abin da ya biya kuɗi a kai da ido ake ganinsa. Suka fito su huɗu, suka zauna kamar rabin da'ira, suka daidaita tsirkiyoyi. Sai zauren ya yi tsit. Mai gogen farko ta ɗaga baka, ta ja numfashi ta hanci, numfashin da muka ji shi sarai daga inda muke, sauran ukun suka ja tare da ita, sauti ya fito lokaci guda kamar daga hannu ɗaya. Wannan numfashin shi ne duk umarnin da aka bayar.

Haydn suka fara da shi, mutumin Ostiriya da ake kira uban wannan salo, wanda ya rubuta kiɗan kwatet har 68. Wadda suka yi ta 1797 ce, wadda ake yi wa laƙabi da ta Sarki, saboda kashinta na biyu an gina shi ne a kan wata waƙa da ya yi wa sarkin ƙasarsa. Karin waƙar shi ne na taken ƙasar Jamus a yau. A nan ne na fahimci abin da ya kawo ni. Mu a gida mun saba da uban kiɗi da 'yan amshi: shi ke faɗa, su karɓa, kowa ya san matsayinsa daga farkon waƙa har ƙarshe. Ina zaton haka zan gani, gogen farko na jan gaba sauran na bi. Sai Haydn ya ɗauki karin nan bai canza masa komai ba, ya ba goge na biyu, ta farkon ta koma tana yi masa ado a sama. Daga nan ya ba celo. Daga nan ya ba biyola. Sai a zagaye na ƙarshe ya mayar wa gogen farko. Da abin ya zo kan mai biyola, wani mutum mai furfura da tun farko ban ma kula da shi ba, na ga sauran ukun sun sassauta hannu, mai celo ya ɗan karkata kai wajensa yana saurare, idonsa ba ya kan takarda. Muryar biyola ba ta da kaifi, tana da ɗan dishi-dishi kamar ta dattijo da ya yi magana a hankali a zaure kowa ya yi shiru don ya ji. Maiɗakina ta taɓa hannuna ta raɗa mini, "Maigida, ashe shi ma yana da baki." Ban iya amsa mata ba, don maƙogwarona ya cika.

Da aka gama kashin, hannuna ya tashi zai tafa, na ga babu wanda ya motsa. Al'adarsu ita ce ba a tafi sai an kammala duka kasusuwan aikin, yawanci huɗu. Da farko abin ya yi mini nauyi, don ni a wurina yabo a kan kari ake yin sa, mawaƙi ya burge ka ka tashi ka yi masa liƙi nan take. Amma shirun nan na 'yan daƙiƙu, mutane ɗaruruwa na zaune ba ko tari, sautin ƙarshe na narkewa a jikin katakon bango, na gane cewa shi ma cikin kiɗan yake.

Washegari da rana muka je zauren wata makaranta. Wasu wasannin a cocin katako na garin ake yin su, wanda aka gina a 1816, mu dai namu tikitin na gidan al'adu ne da na makaranta. Wani rukunin matasa ne suka yi kwatet ta takwas ta Shostakovich, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, daga cikin 15 da ya rubuta. A 1960 ya yi ta, cikin kwana uku kacal, a wani ƙauye kusa da Dresden, birnin Jamus da bama-bamai suka ragargaza a 1945, ya kuma sadaukar da ita ga waɗanda mulkin fasisanci da yaƙi suka ci. Celo ke buɗewa da sauti huɗu, waɗanda a tsarin sunayen sauti na Jamusanci suke ba da haruffan farko na sunansa, sai biyola ta ɗauka, sai goge na biyu, sai na farko. Mutumin ya sa hannu a kan kiɗan da sunansa, kuma sunan na ta dawowa har ƙarshe kamar mai neman a shaide shi.

Minti ashirin ne ko da ɗoriya kaɗan, kashi biyar ba tsayawa. A kashi na biyu suka auka wa tsirkiyoyin da ƙarfin da ban san katako zai iya ɗauka ba. Izga biyu suka tsinke a bakan mai celo suna lilo, ya bari sai da ya sami sarari na ƙiftawar ido ya fizge su ya yar, bai rasa ko sauti ɗaya ba. A kashi na huɗu kuwa, gogen farko ya riƙe wani siririn sauti guda, dogo, can ƙasa-ƙasa, sauran ukun suna buga dam, dam, dam, sau uku, su yi shiru, su sake. Masu sharhi wasu na cewa bama-bamai ne, wasu na cewa bugun ƙofa ne da tsakar dare. Ni bugun ƙofa na ji. Wata tsohuwa a gefena ta dunƙule hankicinta a hannu har aka gama ba ta sake shi ba. Da suka sauke baka, sai da aka ɗauki lokaci kafin mutum na farko ya tafa.

In aka ce in kwatanta rukunonin biyu, na farkon sun fi haɗuwar sauti, ka ji shekarun da suka yi tare a cikin yadda suke gama jimla a wuri ɗaya. Kayan nan ba su da alamar inda za a ɗora yatsa, kunne ne kawai ke auna daidai, don haka mutum huɗu su haɗa sauti ya tsaya cak ba rawa aikin shekaru ne. Matasan a wurare masu taushi sautinsu na ɗan rarrabuwa. Amma wuta tana wajensu, kuma aikin da suka zaɓa wuta yake so. Da za a ce in sake jin ɗaya gobe, nasu zan zaɓa.

Kuskuren da na yi shi ne cusa wasa uku a rana ta biyu. Na daren shi ne kwatet ɗin Beethoven, mai tsara kiɗa Bajamushe, aikin da ya rubuta a 1826 bayan ya kurumce, shekara guda kafin rasuwarsa: kashi bakwai a jere, kusan minti arba'in, babu ko sararin da za su sake daidaita tsirkiya. Farkonsa ya shige ni, gogen farko shi kaɗai yana tafiya a hankali sauran na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Daga tsakiya kuwa kunnena ya ƙoshi, ina ji amma ba na ɗauka. Ya dame ni, don na san abu mai girma ke wucewa a gabana. Wasa biyu a rana ya ishi wanda bai saba ba, ya bar tsakani ya zauna a bakin tafki.

Sauran abin da mai niyya ya kamata ya sani kaɗan ne. Masauki na ƙaranci saboda garin ƙarami ne, a nema tun da wuri. Mu ɗaki muka kama a gidan wasu mutane, mai tsabta, sai dai labulen shara-shara ne, kuma a Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare, duhun kirki ma ba ya yi kafin gari ya sake wayewa. Daren farko ban runtsa sosai ba. A tafi da abin rufe ido, da maganin sauro, don sauron dajin nan ba ya wasa. Mai sallah ya duba lokutan tun kafin ya zaɓi tikiti, Magariba na iya riskarsa bayan an tashi daga wasan dare. Abinci bai ba mu wahala ba, akwai ƙananan kifin tafki da ake soyawa, da wani ɗan burodin yankin mai suna rönttönen, da ake cika shi da dankali da jajayen 'ya'yan daji masu tsami. Ba a matsa wa kowa kan sutura ba, da kaftani na shiga ko'ina. Yara ƙanana dai zaman shirun zai yi musu yawa.

Rana ta ƙarshe muka ji kwatet ɗin Sibelius ta 1909, ɗan ƙasar, wadda ke buɗewa da gogen farko da celo su biyu kawai, ɗaya ya faɗa ɗaya ya amsa. A wannan karon ban bi gogen farko da ido ba. Na zauna ina kallon na biyu da biyola, mutanen tsakiya, ina jiran inda za a ba su magana, ina kuma jin yadda suke riƙe ginin ko da ba a ba su ba.

Ranar Litinin na kai wa abokiyar aikina rönttönen guda biyu a takarda. Ta tambaye ni wanne ya fi kama ni cikin kayan kiɗan huɗu. Na ce biyola. Ta ajiye kofinta, ta ciro waya, ta fara nemo mini lambar gidan da take sauka duk shekara, wanda ta ce labulensa mai kauri ne.