Ledar naɗe kwali: wacce za ka saya don kada mai saye ya buɗe da haƙori

Masu ƙananan sana'o'i a Kano sun iya kwali yanzu. Mai turaren wuta, mai dabino, mai garin kunu, mai sabulun gyaran jiki, kowa na buga kwali mai kyau da sunansa da lambar NAFDAC. Inda aiki ke ɓaci shi ne ledar da ake naɗe kwalin da ita. Hajiya ta sayi kaya, ta juya kwali sama da ƙasa tana neman bakin da za ta kama, babu. Ta sa farce, ta sa haƙori, ƙarshe a ɗauko reza a tsaga leda har da kwalin da aka kashe kuɗi wajen bugawa. A ganina, kafin ka tambayi farashin leda, fara tambayar kanka ta ina mai saye zai kama ya yage.

Wadda aka fi cin karo da ita ita ce PVC, mai ƙyalli da ƙaras-ƙaras. Tana da araha, kuma ba ta buƙatar zafi sosai kafin ta tsuke ta kama jikin kwali, na'urar hura zafi ta hannu ma ta isa. Amma idan ana yanka ta da zafi tana fitar da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, wanda bai kamata yaran shago su wuni suna shaƙa a ɗaki rufe ba. Ga zafin Kano na watan Afrilu da kan haura digiri 40: naɗin da aka ajiye a ƙarƙashin kwano yakan fara tsukewa tun kafin a taɓa shi. Wajen buɗewa kuma tsagewa take gutsi-gutsi. Ga kayan ci, ba na ba da shawararta.

Ta biyu ita ce POF, ita ma mai tsukewa da zafi, kuma ta fi PVC ta kowace fuska in ban da kuɗi. Tana da laushi, ba ta wari, ana naɗe abinci da ita, kuma kaurin maikiron 15 ko 19 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ya ishi yawancin ƙananan kwalaye. Sai dai ƙarfin nata shi ne matsalar mai saye, domin miƙewa take ba ta yagewa. Don haka kada ka saye ta haka kawai. Nemi mai layin huji, wato jerin ƙananan ramuka kamar na takardar rasit, ko ka sa a maƙala wa injin liƙewarka ɗan gare mai haƙora da zai riƙa huda ta yayin da take wucewa.

A nan sai an yi lissafi da hankali. Idan hujin ya yi kusa-kusa, buɗewa za ta yi sauƙi, amma kayan da aka loda a kasuwar Singer za su sha jijjiga a mota har Maraɗi ko Damagaram, su isa leda ta riga ta fashe, mai shago ya ce an taɓa kayan. Idan ya yi nisa-nisa kuma an koma gidan jiya. Sannan ƙurar hunturu tana shiga ta kowace ƙofa, komai ƙanƙantarta, ta kwanta a kan farin kwali. Shi ya sa ya fi kyau layin ya faɗo a gefe ko bayan kwali, kusa da murfi, ba a kan fuskar da ke kallon mai saye ba. Ka kuma buga ɗan kibiya da "yaga nan" a kwalin daidai wurin. Huji da ba a gani ba shi da amfani.

Ta uku ita ce BOPP mai zirin yagewa, irin ta kwalin shayi da na turare ɗan waje. Ita ba tsukewa take ba, ninke ta ake a gefuna kamar ambulan, a liƙe da zafi. A cikinta akwai siririn ziri mai faɗin kimanin milimita 2, ja ko ruwan gwal, da ɗan harshe a waje. Ka ja harshen, ledar ta rabu gida biyu a tsaftace, domin ita BOPP da zarar ta sami baki sai ta bi layi. A wajen kyau da sauƙin buɗewa babu kamarta, tsoho mai rawar hannu ma zai iya. Sharaɗinta shi ne kwali mai kusurwa huɗu, mai tauri, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa. Injinta mai sarrafa kansa yana da tsada, yana son tsayayyiyar wuta, kuma duk lokacin da aka canza girman kwali sai an sake saiti. Mai fitar da 'yan ɗaruruwa a mako gara ya nemi ƙaramin na hannu mai farantin zafi, ko ya tambaya a masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa ko akwai mai naɗe masa a biya shi. Ka duba harshen da kyau: idan zafi ya manne shi da jikin leda, kuɗin zirin ya tafi a banza.

Leda mai kauri ta PE kuwa, irin ta ɗaure robobin ruwa dozin-dozin, ta haɗa kaya ce, ba ta kwali ɗaya ba.

Wasu kayan ma ba sa buƙatar leda. Hula, takalmi, shadda ko atamfar Kantin Kwari da aka sa a kwalin kyauta, sitika mai yagewa idan an ɗaga ta a bakin murfi ta wadatar, kuma an rage ledar da ke toshe magudanun ruwa da damina. Masu kilishi da dambun nama su sani cewa ledar waje ba ta hana maiƙo tsatsafowa. Jakar ciki ce ke wannan aikin, ita ma a yi mata ɗan tsagi a gefe don ta yagu.

Sai maganar kuɗi. Da kilo ake sayar da leda, amma kai da mita kake aiki. Kilo ɗaya na BOPP mai maikiron 20 yana ba da kusan murabba'in mita 55, PVC mai kauri iri ɗaya ba ta kai 40 ba, saboda ta fi nauyi. To arahar da ka gani a kilo tana iya ƙarewa a nan. Tambayi kauri, faɗi da tsawon naɗin, ka raba kuɗinsa da yawan kwalin da zai naɗe.

Kafin ka biya kuɗin naɗi da yawa, karɓi samfur ka naɗe kwalinka na gaske guda goma. Bar wasu a mota cikin rana, jera wasu a katan a zaga da su a Adaidaita Sahu. Sauran ka miƙa wa dattijuwa a gida da yaro ɗan firamare ba tare da ka nuna musu komai ba, ka tsaya ka ga inda yatsunsu suka fara nufa. Idan ba nan harshen ko hujin yake ba, matsar da shi can kafin a buga kwali na gaba.