Shafin Karɓar Imel da Na Gina wa Ƙanena Mawaƙi a WordPress: Abin da Na Gani Bayan Wata Tara

Ƙanena mawaƙi ne. Ni kuma ina da ɗan shagon kwamfuta a Zariya, inda ake buga takardu da cike fom ɗin jarrabawa, saboda haka duk wata matsalar intanet a gidanmu ni ake kawo wa. Wata safiya ya shigo shagon ransa a ɓace, ya ajiye wayarsa a kan tebur ya ce, "Yaya, an tafi da shafina." Wani ne ya turo masa saƙo da sunan za a ba shi alamar tantancewa, ya shiga ya rubuta kalmar sirrinsa, shi ke nan. Shekara huɗu yana tara mabiya a wannan dandali na sada zumunta. Muka rubuta ƙorafi, muka jira, shiru kake ji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin duk mutanen nan babu ko ɗaya da muke da hanyar ce masa ga inda muka koma.

Ba mu ne farau ba. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter a watan Yuni na 2021, ba ta buɗe shi ba sai Janairun 2022, wata bakwai ke nan. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke baki ɗaya na wajen awa shida. A 2019 kuma MySpace, wanda a zamaninsa shi ne matattarar mawaƙan duniya, ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Adireshin imel kuwa, in mutum ya ba ka da hannunsa, kana iya sauke jerin sunayen ka adana a kwamfutarka, in wannan kamfani bai yi maka ba ka ɗauka ka kai wani.

Shi ya sa na yanke shawarar gina masa shafin karɓar imel, inda masoyansa za su rubuta adireshinsu. Na zaɓi WordPress ne don na ɗan san shi. Manhaja ce ta kyauta, Matt Mullenweg da Mike Little suka fara ta a 2003, yau kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta suke. Akwai iri biyu, kuma mutane kan rikita su: wanda kamfani ke riƙe maka komai, da wanda kai za ka yi hayar masauki, wato wurin ajiye shafin a intanet, ka girka manhajar da kanka. Na biyun na ɗauka. Sunan shafin kuma na saye shi mai ƙarewa da .com.ng, saboda da naira ake biya ta hannun dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da sunayen shafuka masu ƙarewa da .ng, ta amince da su.

Ginin kansa bai ba ni wahala ba, kuma a nan dole in yaba. Tun daga WordPress 5.0 da ya fito a Disambar 2018, shafi tubali-tubali ake jera shi: na rubutu, na hoto, na sauti, na maɓalli. Ka ja wannan sama, ka tura wancan ƙasa. Daga 5.9 kuma, a Janairun 2022, mutum na iya gyara fasalin shafin gaba ɗaya, ya cire kan shafi da gindinsa ya bar fili fetal. Wannan shi ne abin da shafin karɓar imel yake bukata, don kada mai ziyara ya ga wata ƙofa ya bi ta. Abu ɗaya da ya kamata mai farawa ya sani: akwatin da za a rubuta imel ba ya zuwa tare da manhajar. Sai ka buɗe asusu a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke aika saƙo ga jama'a da yawa, su ba ka wasu 'yan layukan rubutun kwamfuta, ka manna a tubalin HTML. Ranar da na fara, kafin la'asar akwatin ya bayyana.

Shafin farko da na yi bai kama kowa ba, kuma na san dalili. Na cika shi da kaya. Hoton ƙanena babba a sama, bidiyo biyu, tarihin rayuwarsa tun daga firamare, mahaɗan Audiomack da Boomplay da YouTube, sai can ƙasa akwatin imel da rubutu "Yi rajista don samun labarai". Na gwada shi a kwamfutar shago, ya buɗe tsaf. Sai da wani yaron maƙwabcinmu ya gwada a ƙaramar wayarsa ta Android na ga gaskiya: shafin na ta juyi, data na tafiya, yaron ya gaji ya fita. Wanda ya daure ya jira kuwa, da ya ga mahaɗin waƙa sai ya danna ya tafi sauraro, ba ya dawowa. Mako uku, waɗanda suka rubuta imel ɗinsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, rabinsu ma 'yan gidanmu ne.

Sai na rushe shi. Na bar hoto ɗaya, na matse shi ya zama WebP, wani nau'in hoto mara nauyi wanda WordPress ke karɓa tun 5.8. Na cire bidiyo, na cire tarihi, na cire duk wani mahaɗi mai fitar da mutum waje. Na sa guntun sauti na daƙiƙa 30 wanda ba ya kunna kansa sai an taɓa. Akwatin imel ya hau sama, inda ido zai faɗa kansa ba sai an ja allo ba. Na daina tambayar suna da gari da lambar waya, imel kaɗai.

Sai maganar da za a rubuta, kuma a nan muka fi daɗewa. "Labarai" ba abin da mutum zai ba da adireshinsa dominsa ba ne, labari ko'ina akwai shi. Na tambayi ƙanena me masoyansa suka fi roƙonsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, baitoci. Kullum sai an ce in rubuto baitocin waƙa kaza." Ashe abin na hannunmu. Akwai kuma wata waƙa da ya rera da garaya kaɗai, ba kiɗan situdiyo, wadda bai taɓa saki ba. Muka rubuta a saman shafin: "Rubuta imel ɗinka, in aiko maka da waƙar da ban saki ba tare da baitocinta a rubuce. Saƙo ɗaya a wata, ba ƙari." A kan maɓallin, maimakon "Yi rajista", muka sa "Aiko mini da waƙar". Da muryarsa aka rubuta, kamar shi ke magana, ba kamar sanarwar ofis ba. Daga ranar sunaye suka fara shigowa, ba ambaliya ba, amma kusan kullum sai an samu.

Wani abu da ba wanda ya gargaɗe ni a kai shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Rigar shafin da na fara sawa, wato shiryayyen fasalin kamanninsa, wadda wani ya tsara ya saki kyauta, salon rubutunta bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Kalmar "waƙa" sai ta fito da harafi ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa, siriri a tsakiyar masu kauri, a wata wayar ma ɗan akwati ne ke fitowa a gurbinsa. Mawaƙin da ke alfahari da Hausarsa, a ce shafinsa ya kasa rubuta "waƙa", abin kunya ne. WordPress ɗin kansa yana adana haruffan daidai, matsalar ta salon rubutu ce. Na koma Noto Sans, komai ya daidaita. Duk mai gina shafi da Hausa, kafin ya zaɓi salo ya rubuta "ƙaiƙayi, ɗanɗano, ɓarɓashi" ya duba a waya biyu ko uku.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ta sa na zauna rubuta wannan sharhi. Mutanenmu da yawa suna da imel, amma ba su san suna da shi ba. Ranar da aka sayi waya, mai shago ya buɗe musu Gmail don su iya sauke manhajoji, ya rubuta kalmar sirri a guntuwar takarda, takardar ta ɓata. Ni shaida ne, a shagona kullum sai na taimaki wani ya nemo nasa. Na kunna tsarin tabbatarwa sau biyu, wato bayan mutum ya rubuta adireshinsa sai saƙo ya je masa ya danna ya amince. Kaso mai yawa ba sa dannawa. Wasu sun yi kuskuren harafi, wasu ba su taɓa buɗe akwatin ba. Ƙanena ya so in kashe tsarin don adadi ya ƙaru. Na ƙi, kuma har yau ina kan bakana: adireshin da ba a buɗewa nauyi ne kawai, yana ɓata maka suna a wurin masu tace saƙo, kuma in jerin ya girma har kuɗinsa za ka biya. Abin da na yi shi ne gyara shafin godiya. Na sa hoton alamar Gmail da bayani cikin Hausa mai sauƙi: buɗe wannan manhaja a wayarka, in ba ka ga saƙon ba duba ɓangaren tallace-tallace ko na tarkace (spam). Wannan ɗan bayani ya ceto mutane da dama.

Waɗanda suka tsallake wannan mataki, da na duba su, sai na ga irin mutanen da mawaƙi ke nema ne. Ɗalibai, ma'aikata, Hausawa mazauna Saudiyya da Ingila da Ghana, masu gabatar da shiri a rediyo, masu kiɗan biki. Wata baiwar Allah ta amsa saƙon wata na uku tana tambayar ko yana zuwa wasan biki a Kaduna, kuma ya je. A tsohon shafinsa irin wannan tambaya nutsewa take yi a cikin ɗaruruwan saƙonni.

Sai ɓangaren da ya fi gundura, amma ba makawa. Saƙonninmu na farko tarkace suka riƙa faɗawa, don da adireshin kyauta nake aikawa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa: mai aikawa ya tabbatar da sunan shafinsa ta SPF ko DKIM, wato hanyoyin nuna cewa saƙon daga gare shi ya fito, wanda ke aika saƙo 5,000 a rana kuma sai ya haɗa duka biyun da DMARC, mai faɗin abin da za a yi da saƙon jabu, ya sa hanyar fita daga jerin da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin da ake yi a kansa kada ya kai kashi 0.3 cikin 100. Mu ba mu kusa da 5,000 ba, amma na saita duka ukun. Layuka ne kawai ake kwafa a manna a wurin da aka sayi sunan shafi. Dare ɗaya na yi a kai, tun daga nan saƙonnin suka fara isa inda ya kamata. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma tana bukatar mutum ya san abin da za a yi da bayanansa, don haka a ƙarƙashin akwatin na rubuta layi ɗaya: ba za mu sayar ko mu ba wani adireshinka ba, kuma kana iya fita duk ranar da ka so. Lissafin waɗanda suka buɗe saƙo kuwa na daina dogara da shi, domin tun 2021 wayoyin Apple ke ɓoye wannan bayani, sai ya nuna an buɗe ko ba a buɗe ba. Dannawa da amsa nake dubawa.

Kuɗi: manhajar kyauta ce, masauki da suna ana sabuntawa duk shekara, kamfanin aika saƙo yana da tsarin kyauta mai iyaka. In aka wuce iyakar da dala ake biya, kuma duk wanda ya ga yadda naira ta yi tun 2023 ya san wannan abin a yi lissafi ne tun da wuri. Akwai kuma kula. Wata ƙaramar manhaja da na ƙara don ƙawata fom ta taɓa karya shafin bayan sabuntawa, kwana biyu akwatin ba ya aiki ban sani ba. Na cire ta, kuma yanzu duk Juma'a nakan rubuta imel ɗina a akwatin in gwada, duk ƙarshen wata in sauke jerin in adana.

Mawaƙin da ba shi da mai taya shi, kuma bai saba da kwamfuta ba, zai ji jiki da wannan hanya. Gara ya fara da shafin da kamfanin aika saƙo ke bayarwa a shirye, ko ya duba irin su Bandzoogle da aka gina musamman don mawaƙa. Wanda kuma ke da ɗan uwa ko aboki mai haƙurin zama, WordPress ya ishe shi, kuma zan sake zaɓarsa. Bai maye gurbin WhatsApp ba, har yanzu a can mafi yawan masoyan ƙanena suke, kuma daga can muke turo su shafin.

A wasan da ya yi bayan ƙaramar salla mun buga lambar QR a kan kwali muka kafa a bakin ƙofa, da adireshin shafin a ƙasa da manyan haruffa don masu wayar da ba ta karanta lambar. Kafin waƙar ƙarshe ya tsaya ya nuna kwalin, ya ce duk mai son baitocin ya rubuta imel ɗinsa. Ina daga baya riƙe da waya, ina kallon sunaye na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Saƙon wata mai zuwa ya riga ya rubuta shi da biro a littafinsa, gobe zai kawo mini shago in buga.