Fenway Park ko Yankee Stadium: Wanne Ya Dace da Mai Tikiti Ɗaya?

Assalamu alaikum. Malam, ka ce a watan Yuli za ka sauka wajen ɗan'uwanka a Niyok, kana da niyyar leƙawa Boston, kuma kuɗin kallon wasan besbol ɗaya kacal ka ware, don haka kake tambaya ko ka shiga filin ƙungiyar Yankees ta Niyok ko na ƙungiyar Red Sox ta Boston, alhali ba ka taɓa ganin wasan ba sai a talabijin. Allah ya sa na shiga duka biyun, Yankee Stadium a 2019, Fenway Park kuma a 2023, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Wasan dai iri ɗaya ne a ko'ina. Zagaye tara ake yi, a kowane zagaye ƙungiya ɗaya tana bugu har sai an fitar mata da mutum uku, sannan ɗayar ta karɓi sanda, kuma ba a tashi canjaras, sai dai a ƙara zagaye. Da na je a 2019 mun haura awa uku a zaune, amma tun daga 2023 da aka sa wa mai jifa agogo, yawancin wasanni ba sa kai haka.

Ta fuskar sauƙin zuwa, Yankee Stadium ba shi da abokin gasa a wajenka. Yana unguwar Bronx, jirgin ƙasa mai lamba 4 ko D zai sauke ka a tashar titi na 161, kana fitowa kana ganin bangonsa. A Bronx ɗin nan kuwa akwai 'yan Afirka ta Yamma da yawa, ciki har da Hausawan Gana, don haka ba abin mamaki ba ne ka ji Hausa a cikin jirgi. Boston kuwa tafiyar kusan awa huɗu ce daga Niyok a jirgin ƙasa, sannan ka hau na cikin gari ka sauka a Kenmore, ka bi ayarin masu jajayen riguna a ƙafa.

Da zarar ka shiga ciki, sai lissafin ya juya. Yankee Stadium na yanzu a 2009 aka buɗe shi, a tsallaken titi daga inda tsohon filin 1923 yake, wanda aka rushe aka mai da wurin filin wasan jama'a. Gini ne mai faɗi da tsafta, yana ɗaukar mutum sama da 46,000, kujerunsa suna da sarari, kuma kana iya zagaya barandarsa kana hangen wasa. Sai dai mai tikitin talaka, irin wanda na saya, can sama yake komawa, inda 'yan wasa ke zama ƙanana a idonsa, har ya riƙa kallon babban allo fiye da filin da ya biya kuɗi don ya gani. Fenway kuwa tun 20 ga Afrilu, 1912 ake wasa a cikinsa, shi ne mafi tsufa a duk filayen babbar gasar Amurka, bai kai mutum 38,000 ba, kuma an matse shi ne a tsakanin titunan unguwa, shi ya sa siffarsa ta fito a karkace. Wasu kujerunsa na katako ne, masu ƙunci, wasu kuma suna bayan ginshiƙan ƙarfe da ke tare wani ɓangare na fili, don haka ka duba da kyau kafin ka biya. Amma wannan matsin shi ne ribarsa, domin daga inda na zauna ina jin ƙarar ƙwallo tana faɗawa cikin safar mai cafewa, ina ganin mai jifa yana girgiza kai idan bai yarda da alamar da aka ba shi ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne katangar nan ta hagu da suke kira Green Monster, wato koren dodo, mai tsayin ƙafa 37 da 'yan kai, kimanin mita 11. Ƙwallon da a wani filin za ta fice waje, a nan sai ta daki katangar ta dawo, ɗan wasan da ke tsaron wurin ya juya baya yana jiran inda za ta faɗo, kamar mai jiran mangwaro a gindin bishiya. A jikin katangar akwai allon maki da har yanzu da hannu ake sarrafa shi: mutane ne a ciki, suna cire farantin lamba suna saka wani ta taga, kuma makin zagayen da ba a gama ba da ruwan ɗorawa ake nuna shi, sai an kammala a mai da shi fari. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ke rubuta kowane jifa da fensir a takardarsa, shi ya nuna mini wannan, sannan ya miƙa yatsa can dama ya nuna mini kujera ɗaya ja a tsakiyar koraye, inda ƙwallon da Ted Williams, ɗan wasan Red Sox, ya buga ta sauka a 1946 bayan ta yi tafiyar ƙafa 502. Kafin zagaye na biyar ya koya mini abin da awa uku a Bronx ba su koya mini ba.

Kada na zalunci Yankees, domin a tarihi sun yi wa kowa fintinkau. Sau 27 suka ɗauki kofin World Series, wato kofin zakaran babbar gasar, Red Sox kuwa sau 9. Bayan tsakiyar filinsu akwai wani lambu da ake kira Monument Park, inda aka jera allunan tunawa da manyansu da lambobin rigunan da aka daina ba kowa, irin su 3 ta Babe Ruth da 4 ta Lou Gehrig da 2 ta Derek Jeter, kuma ana rufe shi kafin a fara wasa, saboda haka sai ka yi sammako. Wannan Babe Ruth ɗin ma ɗan wasan Boston ne, aka sayar wa Yankees a ƙarshen 1919, kuma Boston da ta ci kofi a 1918 ba ta sake ɗaga shi ba sai 2004, bayan shekara 86. Mutanen garin har yanzu suna ba da labarin wannan shekarar, wadda a cikinta Yankees suka yi musu uku da nema a jerin wasanni bakwai, su kuma suka cinye huɗun da suka rage. Bambancin shi ne a Bronx tarihin an tattara shi wuri guda an ƙawata, a Boston kuwa a kansa kake zaune.

'Yan kallo ma halinsu ya bambanta. A Yankee Stadium, da an yi jifan farko, mutanen bencin dama sukan fara kiran sunan 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya da tafi, ba sa barin suna sai mai shi ya juyo ya ɗaga musu hannu. Na ji daɗin wannan ƙwarai, ya tuna mini yadda maroƙi ke kiran mutum a taro har sai ya amsa. A Fenway hayaniyar ba ta kai haka tsari ba, amma a tsakiyar zagaye na takwas filin gaba ɗaya yakan ɗauki waƙa ɗaya, ko ana cin su ko suna ci. A duka biyun ana miƙewa tsaye a zagaye na bakwai don a miƙe ƙafa, kuma ƙwallon da ta faɗo cikin 'yan kallo ta zama ta wanda ya cafe ta.

Akwai abu biyu da suka shafe mu. Na farko, giya tana yawo a kujeru sosai a filayen biyu, kuma tsiran da ake sayarwa sai ka tambayi naman da aka yi shi da shi. Ni dai gyaɗa na riƙe, na ci abinci a waje kafin na shiga, kuma a nan Niyok ta fi sauƙi saboda masu sayar da abincin halal a bakin titi. Na biyu, wasan dare wajen ƙarfe bakwai ake farawa, magariba kuwa a Yuli sai bayan takwas take yi, kuma wanda ya fita ba ya dawowa da tikitinsa. Barandar Yankee Stadium ta fi ba da lungun da mutum zai raɓe ya yi salla, ta Fenway kuwa cunkushe take, don haka a can wasan rana na ƙarshen mako ya fi.

Shawarata ita ce, tunda dama Boston tana cikin tafiyarka, ka kashe kuɗin a Fenway, domin wanda bai san wasan ba yana buƙatar kusanci fiye da faɗi. Kowace ƙungiya tana wasa 81 a gida a kakar wasa, sauran kuma a waje, saboda haka ka duba jadawali tun yanzu ka tabbata Red Sox suna gida a kwanakin da za ka je. Ka guji ranar da suke karawa da Yankees idan aljihunka bai yi nauyi ba, ka nemi kujera ta ɓangaren dama daga inda za ka fuskanci koren dodon sosai, kuma ka isa da awa ɗaya kafin a fara.