Saƙo daga Ingila: na'urar da ke auna ruwan jikin masu wankin ƙoda

Yaya, barka da warhaka. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin ce in gaya miki abin da asibitocin nan suka fi namu da shi, tunda a sashen wankin ƙoda nake aikin jinya. Injin wankin kansa kusan ɗaya ne da wanda kike gani a gida. Abin da ya ja hankalina wata 'yar na'ura ce mai girman rediyo, ana ce mata BCM, ƙirar kamfanin Fresenius na Jamus. Da ita ake gano lita nawa na ruwa ya taru a jikin mutum fiye da kima.

Kafin a haɗa majinyaci da inji, sai ya cire safa ya kwanta rigingine na 'yan mintoci. A goge fata, a manna 'yan faci huɗu masu waya, biyu a bayan hannu, biyu a bayan ƙafa, a gefen da ba a yi wa aikin jijiya ba. A shigar da tsawonsa, nauyinsa, shekarunsa da jinsinsa. Daga nan na'urar ta tura wutar lantarki marar ƙarfi, wadda ko jin ta ba a yi, a matakai 50, daga kilohaz 5 zuwa 1000 (kilohaz ma'aunin saurin kaɗawar wutar ne). Ta ƙaramin mataki ba ta iya ratsa bangon ƙwayoyin halitta, sai ta bi ruwan da ke kewaye da su. Ta babban mataki kuwa tana ratsa ko'ina. Da wannan bambanci ake fitar da lissafi, cikin kamar minti biyu. Ruwan jikin mai lafiya yawanci ba ya wuce lita 1.1 sama ko ƙasa da kima. In ya haura lita 2.5, akwai haɗari.

Ga dalilin da ya sa abin ya dame ni game da Baba. Sikeli nauyi kawai ya sani. Mutum na iya ramewa, tsoka ta zube, ruwa ya maye gurbinta, sikeli kuma yana nan a inda yake, kowa na cewa alhamdu lillahi bai rame ba. Ƙafa ba ta fara kumburi sai ruwan ya riga ya yi yawa. In an bar ruwan, jini ya hau, zuciya ta wahala, kwanciyar dare ta gagara saboda numfashi. In an ja fiye da kima, jini ya faɗi, ga jiri, ga ɗaurewar tsoka, ɗan fitsarin da ya rage ma ya ƙafe.

Amma kada ki ɗauka magani ce. A 2017 hukumar NICE, mai tantance kayan asibiti a nan, ta ce hujjojin ba su kai a ce kowane asibiti ya riƙa amfani da ita yau da kullum ba. Muna kauce wa ɗaura ta ga mai batirin zuciya, wanda aka yanke wa ƙafa kuma lissafinta a kansa sai an yi hattara. Likita ba ya daina sauraren ƙirji da duba hawan jini don ta faɗi wani abu.

Inda suka yi mana nisa shi ne tsari. Wanki sau uku a mako, awa huɗu, kyauta a ƙarƙashin NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ga mai ba da shawara kan abinci. Mu kuwa sai an haɗa kuɗi a je, ruwan kwana biyar ko shida a ja shi zama ɗaya, jiki ya galabaita. Na ji daɗin saukar da kuɗin daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya a 2025, ki bincika ko naku yana ciki. Sai dai a nan tsoho yakan zo shi kaɗai ya koma shi kaɗai, abin yana taɓa ni ƙwarai.

Don Allah ranar wanki mai zuwa ki tambayi likita yaushe rabon da a sake duba nauyin da ake mayar da Baba kansa bayan wanki. Ki sami littafi ki riƙa rubuta nauyinsa da hawan jininsa kafin wanki da bayansa. A rage gishiri da dunƙule, su ke tayar da ƙishirwa. Sikelin kasuwa mai cewa yana auna ruwan jiki kuma kada ki saya, ba don masu ciwon ƙoda aka yi shi ba. Kuɗin zama na uku zan turo ƙarshen wata, in sha Allahu.