Gargaɗi Kan Masu Sauya Lambar Asusu a Sanarwar Neman Taimako

Aikin tara gudummawa da a da dattawa ke yi da littafin rasit a ƙofar masallaci yanzu ya koma hannun matasa, waɗanda ke ɗaukar hoton mara lafiya ko marayu su wallafa a Facebook da WhatsApp, kafin magariba a tara abin da a baya sai an yi wata guda ana zagaye. Kowa ya shaida amfanin hakan lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya malale Maiduguri. Sai dai ɓata-gari sun shigo cikin harkar, kuma dabararsu ta fi ta mabaratan bogi wahalar ganewa, domin duk abin da suke nunawa gaskiya ne, ban da lambar asusun.

Na ga wannan a ƙungiyar matasan unguwarmu, lokacin da muke neman kuɗin tiyatar wani yaro. Kwana biyu da fitar sanarwarmu, wani ya buɗe shafi da sunan ƙungiyar da tambarinta, ya kwashe hotunan yaron da takardar asibitin, sannan ya riƙa bin masu sharhi ɗaya bayan ɗaya yana cewa asusun farko ya cika, a tura ta wata lambar. Ƙaryar ta shiga mutane ne saboda tana da tushe: ƙananan asusun matakin farko, irin waɗanda ake buɗewa a waya cikin 'yan mintuna, ba sa riƙe fiye da naira 300,000, kuma jama'a da dama sun taɓa ganin kuɗinsu ya dawo saboda haka. Wata baiwar Allah ce ta fallasa shi ba da niyya ba, da ta turo mana shaidar biya tana neman a sa ta a addu'a, muka duba muka ga sunan da ba mu sani ba.

Duk mai niyyar bayarwa ya tsaya ya karanta sunan mai asusun da ya bayyana kafin ya danna lambar sirrinsa, ya kuma kira shugabannin ƙungiyar idan aka ce an sauya asusu. Ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi tana iya buɗe asusu da sunanta, saboda haka ban ga uzurin tara kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya ba, ko da amininka ne. Mu ma a nan muka yi sakaci. Wanda ya riga ya tura, ya gaggauta sanar da bankinsa, ya kai shaidar ga 'yan sanda ko EFCC, ya kuma tsegunta wa ainihin ƙungiyar domin ta sanar da mabiyanta kafin wasu su sake turawa.