Digiri na biyu a kifi, gandun daji, namun daji ko katako: wanne za ka ɗauka?

Kwasa-kwasan nan huɗu galibi a tsangaya ɗaya ake samunsu, amma kasuwarsu ba ɗaya ba ce. Kafin ka sayi fom, ka san inda za ka yi aikin fili da wanda zai ɗauke ka aiki in ka gama. Sunan jami'a ya biyo baya.

Kifi ne kaɗai a cikinsu da za ka iya cin abinci da shi ko ba a ɗauke ka aiki ba. Sai dai fannin biyu ne. Akwai kiwon tarwaɗa da karfasa a tanki ko kududdufi, akwai kuma kula da kifin tafki da kogi, irin aikin da cibiyar binciken kifi ta ƙasa, NIFFR, ke yi a New Bussa, gefen tafkin Kainji. Na farkon sana'a ne, na biyun aikin gwamnati ne da bincike. In kiwo kake so, kada ka yarda da sashen da ba shi da wurin ƙyanƙyasa mai aiki. Je ka gani da idonka: ana yi wa uwar tarwaɗa allura da dare, da safe a matse ƙwanta a roba, a yanka namijin a haɗa? Ko tankunan sun bushe ƙadangaru na shawagi? Abinci ne ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwon tarwaɗa, don haka bincike kan haɗa shi da kayan gida ya fi kawo riba. Abeokuta, Akure, Makurɗi da Ibadan duk suna da sassan kifi da suka daɗe. Sakkwato, Maiduguri da Yola ma suna koyarwa.

A gandun daji Ibadan ce uwa. Tun 1963 aka buɗe sashen a jami'ar, ga kuma hedikwatar cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, FRIN, a garin. Amma fa ƙarfinsu a kurmi yake, wajen itatuwa irin iroko da malaina. Ɗan Jigawa ko Yobe da zai dawo gida aiki, matsalarsa kwararowar hamada ce, da dakwara mai ba da ƙaro, da gawo a cikin gona, da yadda darbejiya za ta tsallake rani na farko ba ta mutu ba. A ganina irin wannan ɗalibi ya fi dacewa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ta Maiduguri, ko Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. Masu ɗaukar aikin ma a Arewa suke: hukumar Babbar Koriyar Ganuwa mai dashen itatuwa don tare hamada, wadda aka kafa da doka a 2015 take aiki a jihohi 11, da shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ACReSAL, na Bankin Duniya a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ko wace jami'a ka zaɓa, ka tabbata za ka fito ka iya zana taswira a kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam. Shi ake fara tambaya yanzu.

Namun daji kuwa sai mai so tsakani da Allah. Gurabun aiki kaɗan ne, kuma rashin tsaro ya sa dazuzzuka irin su Kamuku a Birnin Gwari ba sa shiguwa ga ɗalibi. Yankari da dausayin Haɗeja-Nguru sun fi sauƙin kaiwa. Gashaka-Gumti, wanda ya fi duk wuraren ajiyar namun dajin Najeriya girma, akwai nisa da tsada. In tsuntsaye da kimiyyar adana halittu ne a ranka, nemi cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos da ke dajin Amurum: mutum kaɗan take ɗauka, amma horonta na fili da lissafi ba wasa. Makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa a Kamaru, mai aiki tun 1970, da Faransanci take koyarwa, kuma an fi tsara ta don ma'aikatan daji.

Kimiyyar katako ta Kudu ce, Akure ko Ibadan, domin can injinan gwaji da masana'antun yanka suke. Ba injin gwada ƙarfin katako da ɗakin busarwa, ba karatu. Ɗan Arewa zai fi cin moriyarta ta wajen kare katako daga gara da samar da madadin gawayi.

Mai babbar difloma ta HND daga kwalejojin waɗannan fannoni na Jos, Afaka ko New Bussa yawanci sai ya bi ta PGD, wato diflomar share fagen digiri na biyu, tukuna, kuma za a nemi takardar bautar ƙasa ko ta yafewa. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Saura su lissafa kuɗin mota, masu rakiya a daji da gwajin samfur, don kuɗin makaranta ba ya ɗauke su. Sannan ka sami ɗaliban malamin da kake so ya duba aikinka, ka tambaye su a keɓe wata nawa babin kundin bincike ke yi a teburinsa.