Zaren bayan fatsa na Dacron, gaskiya ya yi

Jama'a tunda na fara kamun kifi da ƙudan roba (ƙugiya da aka yi wa siffar ƙwaro) a nan Amurka abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne haɗa zaren jifa da zaren baya, wanda ake fara naɗawa a ril ɗin, wato abin naɗe zare da ke jikin sandar. Na sayi zaren baya na Dacron (wani irin zaren roba) na kamfanin Rio mai ɗaukar nauyin fam 20, yadi 100, kuma wallahi kuɗina bai tafi a banza ba, ba ya santsi a hannu, ƙullin Albright da ake haɗa zare biyu da shi ya kama shi gam, na naɗa sau 10 na jiƙa da miyau na ja, ko gezau. Ƙullin ma siriri ne yana wucewa ta zobban sandar ba ya maƙalewa. Sai dai in babban kifi kake nema irin su salmon, ɗauki mai ɗaukar nauyin fam 30 kawai malam.